Shayin da Kyauta ta Dafa wa Mamuda

Duk wanda ya zauna a unguwar bayan tasha a Jega ya san gidan Kyauta, ko da bai taɓa shiga ba, domin ƙamshin daddawa ke fara tarbar mutum tun daga bakin lungu. Ita ce sana'arta tun tana amarya. Takan dafa kalwa a babbar tukunya, ta surfe, ta wanke, ta rufe ta bar ta ta nuna, sannan ta daka, ta mulmula, ta shanya a kan tabarma a tsakar gida. Matan ƙauyen Dangamaji sukan aiko a saya musu, masu abinci na kasuwar Aliero ma suna da rabonsu. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, don haka abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma ita ta ba ni da bakinta muna zaune muna tsince kalwa.

'Yar Andarai ce, can ƙasar Maiyama. Mahaifiyarta Luba ta daɗe a ɗakin miji ba ta haihu ba, da aka same ta sai aka ce ai wannan kyauta ce, sunan kuma ya bi ta har sunanta na yanka, Salima, ya kusan ɓacewa. Luba ta san ganyaye kamar yadda matan ƙauye suka sani: sabara don mai jego, filasko idan ciki ya ɗaure, ganyen dogon yaro idan zazzaɓi ya kama. Kyauta ta taso tana ganin ana tsinko magani a bayan gida, ana tafasawa, ana sha, ana tashi. Amma Kyauta tana budurwa Luba ta kwanta, jikinta ya kumbura, ganyayen suka kasa. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu, har ta rasu ba wanda ya faɗi sunan abin da ya kashe ta. Kyauta ta ce mini tun daga nan babu abin da take tsoro kamar ciwon da ba a san sunansa ba.

Mamuda mijinta kuwa karen mota ne lokacin da suka haɗu. Motar albasarsu ta lalace a Maiyama, suka yi kwanaki a bakin hanya suna jiran a kawo kayan gyara daga Jega. Kyauta tana zuwa wurin da dafaffiyar gyaɗa tare da ƙanwar mahaifinta. Mamuda ya riƙa sayen gyaɗar da ta fi ƙarfin cikinsa, yana rabawa makanikai. Bayan an gyara motar ma, duk wucewarsu ta Maiyama sai ya gano wa maigidansa dalilin tsayawa, yau taya, gobe ruwan lagireto. Ba a rufa shekara ba aka kawo ta Jega.

Ya zama direba, ya samu babbar mota, ya shiga ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Rayuwar Kyauta ta zama ta jira. Ya yi lodi, ya biyo ta gida ya ci tuwo a tsaye, ya kama hanyar Yawuri, sai kuma ranar da Allah ya dawo da shi. Ta haifi 'ya'yanta yawanci yana kan hanya, ta yi rainonsu da kuɗin daddawa da abin da ya bari, ta aurar da su. Ba ta taɓa yi mini ƙorafin haka ba, sai dai ta ce a cikin shekaru talatin da wani abu na aurensu, in aka haɗa kwanakin da suka karya kumallo tare, ba za su cika wani abin kirki ba. Mutum ne mai shiru-shiru. In ya dawo, ya kawo mata goro da manja da ayaba, ya kwanta ya yi barcin gajiya, kafin ya gama wartsakewa an kira shi lodi.

Iklima, 'yarsu ta biyu wadda ke aure a Aliero, ita ta saya mata babbar waya don ta riƙa ganin jikokinta. Kyauta ba ta yi boko ba sai ɗan yaƙi da jahilci, amma wayar ba ta buƙaci karatu mai yawa ba. Iklima ta nuna mata inda za ta danna ta yi magana, da inda za ta danna ta saurara. Cikin ɗan lokaci ta ƙware. Ta shiga zauren matan unguwa na cikin waya, tana sauraren wa'azi tana daka, ta koyi haɗa sabulun wanka daga wata mata da ba ta taɓa gani ba, sabulun kuma ya yi kyau, har ni ta ba ni. Ta samu sababbin masu sayen daddawa har daga Birnin Kebbi. Don haka ba ta da dalilin zargin wayar, alheri ta riƙa gani a cikinta.

A shekarar da abin ya faru, tun kafin a fara cire albasa ta lura jikin Mamuda ya sauya. In ya dawo daga tafiya ƙafafunsa a kumbure, takalmin ya bar shaida a kansu. Ga ƙishirwa, ya shanye kofi ya nemi wani. Ga yawan zagayawa. Yakan riƙe bayan wuyansa ya rufe ido. Ta san a hanya yana shan ƙwayoyin ciwon jiki da lemon ƙara kuzari, kamar yadda direbobi ke yi don su ƙi barci. Wata rana tana matsa masa ƙafa da man zafi ta danna yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa da wuri. Ta tuna haka ƙafar Luba ta yi.

"Malam, ka tai asibiti a duba ka," ta ce.

"Gajiya ta, ba komi ba," ya ce. "In sunka duba ni, cewa za su yi in aje tuƙi. In na aje, mi zan yi?"

Ta sake maganar sau da dama, ya ce ta bari a gama lokacin albasa. Ta san halinsa, ba ya musu, ba ya kuma sauya abin da ya ƙudura.

Sai ta koma ga wayar. Ta danna wurin magana ta ce kumburin ƙafa da yawan ƙishirwa da ciwon kai. Amsoshi suka zubo mata kamar an kwance bakin buhu. Wani mutum da farar riga ya ce ƙoda ce. Wani ya ce zuciya. Wata ta ce sanyi ne ya taru. Wani malami ya ce basir ne mai hawa sama. Kowa yana magana da ƙarfin gwiwa, kowa kuma yana ƙaryata na gabansa. Ta ce mini ta kashe wayar hankalinta ya fi na da tashi, ta shiga neman sunan ciwo ɗaya ta fito da goma.

Daga ranar kuma wayar ta gane abin da ke ranta, ko ba ta tambaya ba sai ta riƙa kawo mata masu magani. A cikinsu akwai wata mata mai taushin murya, zaune a gaban kantoci cike da koren kwalaye. Ita ba ta tsorata kowa ba. Ta ce duk waɗannan cututtuka asalinsu ɗaya ne, datti ne ke taruwa a jiki daga maiƙo da maganin Bature da zaman mota, kuma in an wanke jikin, kumburi da ciwon kai da kasala duk sai su tafi. Ta ce shayinta ganyaye ne zalla irin na iyaye da kakanni, babu abin da zai yi wa mutum ko da bai amfane shi ba. A ƙarƙashin bidiyon mutane birjik suna godiya, wata ta ce mijinta direba ne, yanzu ya koma kamar saurayi.

Kalmar direban ce ta kama Kyauta. Ta tura wa matar saƙon murya, ta faɗa mata komai. Ba a jima ba amsa ta zo, da Hausar gabas mai santsi: "Mamana, kada ki damu, kin zo inda ya dace. Datti ne kawai. Ki ba shi safe da yamma, za ki kira ni da kanki ki yi godiya." Matar ba ta tambayi shekarunsa ba, ba ta tambayi ko yana shan wani magani ba, ba ta ce a auna shi ba. A lokacin Kyauta ba ta ga aibin haka ba. Abin da ta ji shi ne, a karon farko wani ya faɗa mata sunan abin, ya kuma ce yana da magani.

Kwalin ya iso ta hannun direban wata ƙaramar mota a tashar Jega. Kore ne, da hoton ganye da na mace mai siririn ƙugu. A bayansa an jera cututtuka da Turanci tun daga sama har ƙasa, amma ba a rubuta abin da ke ciki ba. Da ta buɗe ta sansana, ta gane warin filasko, hankalinta ya ƙara kwanciya, ai wannan ta san shi tun tana yarinya. Akwai wani wari a bayansa mai ɗaci wanda ba ta gane ba, ta ce a ranta ganyen wata ƙasa ne.

Ta ɗauka zai ƙi sha, sai ga shi ya karɓa ba gardama. Da ya dawo daga masallaci da asuba ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta kawo shayin a ƙaramar buta, ta zuba masa, ta zauna a gefensa don ta ga ya shanye. Shayin yana da zafi da ɗaci, ba ya shayuwa da sauri, dole a jira ya huce. Cikin jiran sai hira ta ɓalle. Ya ba ta labarin wata gada da ke rawa in tirela ta hau, da wata Bayarabiya mai abinci da ta iya Hausa fiye da yaransa. Ita kuma ta ba shi labarin abin da ya faru a unguwa yana hanya, wanda ya rasu, wadda ta haihu. Ni daga bayan katanga nakan ji dariyarsu ƙasa-ƙasa, abin da ban saba ji ba a wannan lokaci.

Shayin ya fara aikinsa tun ranar farko, Mamuda ya riƙa zarya bayan gida. Mai shayin ta riga ta ce haka za a gani. Bayan 'yan kwanaki cikinsa ya lafe, Kyauta ta ga kamar ƙafar ma ta ɗan saki, ta yi murna har ta ba wata maƙwabciyarmu lambar matar. In zai yi tafiya ta cika masa fulas, ta ƙulla masa garin a leda don ya dafa a hanya. Wannan a tsakiyar bazara ne, zafin da kan sa kwalta ta yi laushi, shi kuma yana cikin kan mota wuni guda, ruwan jikinsa yana fita ta gumi da ta gudawa.

Lauwali mahauci, abokinsa tun ƙuruciya, shi ya fara magana. Ya aiko matarsa ta ce wa Kyauta, Mamuda ya tsaya a rumfarsa, shi Lauwali ya ga idanunsa sun faɗa, leɓensa a bushe, ya miƙa masa tsire ya ce ba ya sha'awa, abin da bai taɓa yi ba. Kyauta ma ta gani, tana dai ƙin yarda da idonta ne. Ta tura wa mai shayin saƙo ta ce yana ramewa, yana jin jiri, ƙafarsa tana murɗewa. Amsa ta zo: "Mamana, kada ki damu, datti ne yake fita. Wanda ya daɗe a jiki ba ya fita da sauƙi. Ki ƙara masa cokali ɗaya."

Ba ta ƙara ba, amma ba ta daina ba. Ta sake tambayar wayar ko shayin wanke jiki yana da illa. Rabin masu magana suka ce guba ne, rabi suka ce masu cewa guba 'yan baƙin ciki ne da ba sa son maganin gargajiya. Ta kira Iklima, wadda ta yi sakandare, ta karanta mata sunan da ke jikin kwalin harafi-harafi. Iklima ta bincika da Turanci ba ta samu komai a kan wannan shayin ba sai tallarsa. Ta samu rubuce-rubuce masu yawa a kan irinsa, wasu na yabo, wasu na gargaɗi, amma babu wanda ya yi magana a kan mutum mai shekarun babanta, mai kumburin ƙafa, mai tuƙi cikin rana. Ta ce, "Inna, ni dai ki dakata da shi, mu kai Baba asibiti." Kyauta ta yarda. Da ta gaya wa Mamuda, sai ya ce lodi ɗaya ya rage masa, in ya dawo sai a je. Washegari da asuba shi da kansa ya tambayi ina shayinsa, ta tashi ta dafa.

Bai yi wannan tafiyar ba. Da tsakar rana, a kasuwar albasa ta Aliero, yana tsaye a gindin motarsa 'yan dako suna ɗora buhuna, ya ɗaga hannu zai nuna musu inda za su gyara, sai ya sulale ya faɗi tsakanin buhunan. Aka yayyafa masa ruwa ya buɗe ido, amma bai san inda yake ba. Mijin Iklima yana kasuwar, shi ya sa shi a mota. Kyauta tana kwashe daddawa daga tabarma aka kira ta. Na ji kwano ya faɗi, na leƙa, na tarar tana neman mayafinta alhali yana kafaɗarta. Na raka ta. Har mun kai bakin lungu ta koma da gudu, ta fito tana cusa koren kwalin a cikin jakarta.

A asibiti mun same shi an sa masa ƙarin ruwa, an ɗebi jininsa. Likitar da ke kansa mace ce, Dakta Murjanatu, ba ta wuce sa'ar Iklima da yawa ba. Da sakamako ya fito ta kira Kyauta gefe, ta ba ta kujera, ta yi mata bayani a hankali. Ta ce yana da ciwon suga da hawan jini, kuma ga alama sun daɗe a jikinsa ba a sani ba, sun fara taɓa ƙodarsa. Ta ce ruwan jikinsa ya ƙare sosai, gishirin da ke riƙe bugun zuciya ya yi ƙasa, shi ya kayar da shi. Sannan ta tambaya ko akwai abin da yake sha a gida.

Kyauta ta fito da kwalin ta miƙa mata. Likitar ta juya shi gaba da baya, ta buɗe, ta sansana, ta ajiye.

"Dakta, ki faɗa mani gaskiya," Kyauta ta ce. "Ni nik kashe mai ƙodar?"

"Inna, ciwon ya riga shayin zuwa, da shekaru ma," likitar ta ce. "Gudawar da shayin ya sa shi ta ƙara wa ƙodar wahala, wannan ba zan ɓoye maki ba. Amma nawa ne na ciwon, nawa ne na shayin, ban iya raba maki su. Ni kaina ban san duk abin da ke cikin kwalin nan ba, ba su rubuta ba."

Kyauta ta ce ai ganye ne, ta ji warin filasko, mahaifiyarta ma tana ba su. Likitar ta ce ganye ma magani ne, yana da ƙarfi, kuma abin da mai lafiya zai sha sau ɗaya ya tashi, ba shi ne mai ciwon ƙoda zai sha safe da yamma na makonni cikin zafi ba. Ta ce aikin wanke jini ƙoda da hanta ke yin sa dare da rana, gudawa ba ta wanke jini, ruwa kawai take kwashewa. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce da yawa sukan ɓoye abin da suka sha, a yi ta lalube, ita kuwa ta kawo kwalin da hannunta, hakan ya taimaka.

Da muka fito baranda, Kyauta ta danna wayar ta gaya wa mai shayin cewa maigidanta yana kwance a asibiti, an ce ƙoda. Ba zagi ta yi ba, ina jin so take ta ji me matar za ta ce. Amsar ba ta daɗe ba. Muryar nan mai taushi ta ce, "Mamana, kada ki damu, kin zo inda ya dace." Daga nan ta ce akwai wani haɗi na musamman don ƙoda. Kyauta ta saurara, ta koma sama ta danna saƙon farko da matar ta taɓa turo mata, ta saurara shi ma. Farkonsu iri ɗaya ne, har inda matar ta ja numfashi. Ta ce mini ba yaudarar ce ta fi yi mata ciwo ba, ita duk tsawon lokacin nan ta ɗauka da ita ake magana.

Mamuda ya dawo hayyacinsa a hankali. Kyauta ba ta bar gefen gadonsa ba, amma ta kasa haɗa ido da shi, sai ta gyara zane, ta kori ƙuda, ta tashi ta wanke kofin da ba a sha komai a ciki ba. Wata safiya, bayan nas ta auna shi ta fita, ya ce ta zauna. Abin da ya faɗa, ita ta ba ni daga baya.

Ya ce tun makon farko ya san shayin yana karya shi. A hanya yakan tsayar da mota ya shiga daji, ya dawo a galabaice, har yaron motarsa ya ce ya zubar da fulas ɗin. Kyauta ta ce to don me bai faɗa ba, don me ya riƙa nema da bakinsa.

"In na ce a bari, sai ki koma ga tukunyarki da asuba, ni in koma ga motata," ya ce. "Tun da anka kawo ki Jega ba mu taɓa zama hakanan ba. Ni zaman nika so, ba shayin ba."

Ta ce ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, shi kuma ya ɗora hannunsa mai allurar ruwa a kan nata, ya ce ta yi haƙuri, laifin nasa ya fi, shi ya ƙi asibiti tun tana roƙonsa. Ta ce a'a, nata ne. Suka yi ta ja, kowa yana ƙwace laifin daga hannun ɗan'uwansa, har dattijon da ke gadon kusa ya ce in ba sa so su ba shi ya riƙe musu.

An tura su Birnin Kebbi aka ƙara gwaje-gwaje. Ƙodar ta farfaɗo, ba duka ba, amma ba a kai ga wankin ƙoda ba. Aka ɗora shi a kan maganin suga da na hawan jini, aka hana shi ƙwayoyin ciwon jiki da lemon kuzari, aka ce kada ya sha wani jiƙo sai ya nuna wa likita. Abin da ya ji tsoro kuma ya faru, aka ce doguwar hanya ta ƙare masa. Ya yi makonni ba ya son magana. Ranar da wani direba ya zo ya ja motar, bai fito ba, yana ɗaki yana jin ƙarar injin har ta ɓace. Daga baya 'yan ƙungiyar direbobi suka ba shi aikin tsara lodi a Aliero, shi ke faɗin motar da za ta shiga da wadda za ta jira. Yakan tafi da hantsi ya dawo kafin magariba. Ya ce aikin surutu ne, bai dace da shi ba, amma yana zuwa.

Kyauta ba ta yar da wayar ba. Tana sauraren wa'azinta, tana ganin jikokinta, tana sayar da daddawa. Ta fara zuwa wurin maƙwabciyar da ta ba lambar, ta same ta ba ta riga ta saya ba. Sannan ta tura saƙo ɗaya a zauren matan unguwa, ta faɗi abin da ya samu maigidanta ba ƙari ba ragi, har da cewa likita ta ce ciwon ya riga shayin. Ta ce ita ba ta ce kowane ganye mugu ne ba, ta dai ce wadda ke cikin waya ba ta ganin wanda za a ba. Wasu suka yi mata jaje. Wata ta ce ita ta sha irinsa kuma ta ji daɗin jikinta. Wata ta ce likitoci dama ba sa son a san sirrin ganye. Kyauta ta ce mini ba ta da ilimin da za ta yi musu da su, abin da ta gani kawai ta sani. Bidiyon matar har yanzu yakan faɗo mata, da sabon kwali, shuɗi. Takan ture shi da yatsa ta wuce.

Har yau in abu ya dame ta game da jikinsa takan tambayi wayar, ba ta iya hana kanta. Wani lokaci ta samu abin da ya amfane ta, kamar yadda ake duba ƙafar mai ciwon suga kowace rana don kada rauni ya ɓuya. Wani lokaci ta ji abin da zai hana ta sukuni. Bambancin shi ne yanzu tana tara tambayoyin a kanta ta kai su ranar asibiti. Dakta Murjanatu ta saba da ita, da ta gan ta sai ta ce, "To Inna, yau mi waya tac ce?" Kyauta ta zayyano, likitar ta ce wannan gaskiya ne, wannan ba na irin ciwonsa ba ne, wannan kuwa ni ma sai na bincika.

Girki ne ya fi ba ta wuya. Mace da ta yi suna da miya mai ɗanɗano, aka ce ta rage gishiri, ta bar dunƙulen magi, ta rage tuwon. Ta yi ta gwaji da albasa da citta da tafarnuwa da 'yar daddawarta har ta samo miyar da Mamuda zai ci bai ɓata fuska ba. Ba ta raba tukunya, abin da ya ci shi take ci, ta ce ba za ta zauna gabansa da miya mai daɗi shi yana cin lami ba.

Ranar asibiti ta zama ranar fitarsu. Takan sa atamfarta mai kyau, shi ya sa hula, su tare Keke mai ƙafa uku a bakin tasha su zauna a baya kafaɗa da kafaɗa. Mamuda bai iya zama fasinja ba, duk hanya yana gaya wa mai Keken ya rage gudu, ga rami can, ya bar wa babbar mota hanya. Awon wata rana ya yi kyau, wata rana ya hau, likita ta ce ƙodar sai an ci gaba da sa mata ido har iyakar rayuwa, sun kuma karɓi hakan. A dawowa sukan tsaya a rumfar Lauwali, ya zaɓo tsoka marar kitse ya gasa masa ba gishiri, yana mita wai an sa shi ɓata sunansa a gaban masu saye. Mamuda ya ci yanka biyu ko uku, ya tura wa Kyauta sauran, ta ƙulle a takarda ta ce sai sun isa gida.